Likitan da Ya Duba Mamaci

Ya 'yan uwa, an taɓa yin wani mutum a wannan yanki namu, tsakanin Karaye da Rogo, likita ne. Ba za a faɗi sunansa ba, ba za a faɗi sunan asibitin da ya yi aiki ba, domin ba tonon asiri ne ya tara mu ba.

Mutumin nan ya san aikinsa. Yana da sauƙin kai, yana russunawa ya gaida dattawa, ba ya daka wa mai jinya tsawa. Asibitin na wani attajiri ne, ƙarami, gadajensa ba su da yawa, kuma shi kaɗai ne likita a ciki, sai nas-nas da ke taimaka masa. Mutanen Turawa da Kurugu da Ruwan Bago suna zuwa, suna komawa gida suna sa masa albarka.

Ana nan sai mai asibitin ya kawo kwamfuta, ya sa sola don kada rashin wuta ya tsayar da aiki. A da, bayanin majinyaci a kati ake rubuta shi, a sa a fayil, gara ta ci wani, wani ya ɓace. Yanzu sai aka ce komai a na'ura za a riƙa shigarwa: zafin jiki, hawan jini, maganin da aka bayar, da abin da likita ya gani da idonsa. Aka ba kowane ma'aikaci lambar sirrinsa. Shi likita aka haɗa masa har a wayarsa, don ko da yana gida a kira shi, ya buɗe ya ga halin da ake ciki. Alheri aka nufa da abin, kuma alheri ne.

A shekarar ne ya samu fili a bakin madatsar ruwa ta Challawa, ya shiga noman rani. Tumatir ya shuka. Noma ba laifi ba ne, 'yan uwa, da shi iyayenmu suka rene mu. Amma tumatir shuka ce mai son a tsaya a kanta, majinyaci kuma haka, mutum kuwa jikinsa ɗaya ne.

Wata safiya injin ban-ruwa ya lalace. Ya tsaya a gona ana gyara, rana ta yi. Sai ya kira wata nas mai suna Munawwara, ya tambaye ta jikin waɗanda ke kwance, ta gaya masa ɗaya bayan ɗaya. Ya buɗe wayarsa ya rubuta. Da Turanci suke rubutawa, amma ma'anar abin da ya sa ita ce: na duba shi da safe, jiki da sauƙi, a ci gaba da magani.

Ku lura da wannan wuri. Da ya rubuta cewa nas ce ta gaya masa, da bai yi ƙarya ba. Sai ya rubuta cewa ya duba. A ransa ya ce ai duk ɗaya ne, tunda bayanin gaskiya ne. Ranar babu wanda ya mutu, babu wanda ya yi ƙorafi. Ya ga abin ya wuce lami lafiya.

Daga nan ya gano cewa na'urar tana da wata hanya ta sauƙi. Mutum zai iya ɗauko abin da ya rubuta jiya ya manna shi a gurbin yau, ba sai ya sake bugawa ba. An yi hakan ne don likita ya gyara abin da ya sauya, ya bar wanda bai sauya ba. Shi kuwa sai ya daina gyarawa. Daga baya ma ya daina kiran nas ɗin. In ya samu sarari a gona, sai ya zauna a inuwa, ya bi majinyata ɗaya bayan ɗaya yana manna musu bayanin jiya. Duk wanda ya buɗe na'ura zai ga likitan da ba ya fashin zagaye.

Me ya ba shi wannan ƙarfin hali? Ya san mutanenmu. Ya san idan an yi rashi sai a ce kwana ne ya ƙare, a yi addu'a, a watse. Haƙurin da Allah ya yi wa talakawa baiwa da shi, shi ya mayar abin dogaronsa.

A tsakiyar ɗiban tumatir aka kawo wani dattijo daga Ruwan Bago, Malam Sulle, manomin gyaɗa da dawa. Yana da ciwon suga, ƙaya ta soke shi a tafin ƙafa, wurin ya ƙi warkewa har ya kumbura. Matarsa Kande ce ta zo jinya, da tabarmarta da kwanon sha. Ranar likita yana nan. Ya duba ƙafar da kyau, ya wanke ta da kansa, ya ce a ba shi gado.

Sulle mutum ne mai barkwanci. Ya ce, "Likita, ƙafar nan ita ce jarina, kada ka yi mata rowar magani."

Likita ya ce, "Baba, kwana kaɗan za ka tashi har ka taka rawa."

Sulle ya ce, "Rawa kuma? Tambayi Kande, ko da ƙafa biyun ban iya ba."

Kande ta rufe baki da mayafi tana dariya. Wannan shi ne gani na farko da likita ya yi wa Sulle, shi ne kuma na ƙarshe.

Washegari motocin 'yan kasuwa suka iso bakin gona. Tumatir ya nuna, in ba a ɗebe ba ruɓewa zai yi. Likita ya yi sammako ya tafi. Haka ranar da ta biyo, haka wadda ta biyo bayanta. Kullum da safe Kande takan tari Munawwara a baranda ta ce, "'Yata, likita bai shigo ba?" Ita kuma sai ta ce yana tafe.

Munawwara ta kira shi ta ce ƙafar Baba Sulle ta fara baƙi, tana wari, zazzaɓi kuma ya ƙi sauka. Ya ce ta ci gaba da allurar, zai shigo da yamma. Da gaske yake nufi a lokacin da ya faɗa. Yamma ta yi, ana ta ɗora kwanduna a mota, ya ce da safe. Ita dai ta shigar da abin da ta gani a nata gurbin, ta rubuta cewa ta kira likita. Shi bai buɗe nata ya karanta ba. Nasa ya buɗe, ya manna na jiya.

Ranar Laraba da hantsi ɗan Sulle, Yusha'u, wanda yake koyarwa a wata makaranta a Kano, ya iso. Ya tarar mahaifinsa ba ya gane mutane. Bai tsaya neman sallama ba, ya ɗauko shatar mota, aka kwantar da dattijon a baya, aka kama hanyar birni. Ba su yi nisa ba rai ya yi halinsa. Suka juya zuwa Ruwan Bago. Kamar yadda muka saba, ba a jinkirta gawa. Aka yi masa wanka, aka sallace shi, kafin azahar an kai shi makwancinsa.

Munawwara ta yi ta kiran likita. Ya ga sunanta a waya yana tsaka da ciniki da dillalai, ya mayar da wayar aljihu. Ita kuma wata mai naƙuda ta riƙe ta, ba ta samu ta shigar da cewa an tafi da Sulle ba. A na'ura yana nan kwance a gadonsa.

Bayan la'asar ciniki ya faɗa. Likita ya zauna a gindin mangwaro, ransa fari, ya buɗe waya ya bi majinyata. Ya zo kan Sulle ya manna: na duba shi da safe, zazzaɓi ya sauka, yana cin abinci, a ci gaba da magani.

Ya 'yan uwa, a lokacin da yatsansa ya danna wannan, ƙasar kabarin Sulle ba ta bushe ba.

Da ya koma asibiti ya ji labari, sai ya yi salati. Ba mugu ba ne da zai ji mutuwa bai damu ba. Ya tuna barkwancin dattijon, ya tuna ƙafar da ya wanke da hannunsa. Ya san kuma da ya leƙo ko sau ɗaya, da ya tura su Kano tun da sauran lokaci, ko da ƙafar za a rasa a tsira da rai.

Washegari ya tafi gaisuwa. Ya tarar da maza a kan tabarmi a ƙofar gida. Yayan mamacin, Malam Gwadabe, ya matsa masa wuri kusa da shi. Aka yi addu'a, aka shafa. Gwadabe ya gode masa da ya tako, ya ce sun ga ƙoƙari, kwana ne ya ƙare, babu mai ƙara wa wani ko numfashi ɗaya. Babu wanda ya ɗaga masa murya, babu wanda ya harare shi.

Sai Yusha'u ya matso ya durƙusa a gefensa, ya yi magana a hankali. Ya ce, "Likita, ba rigima nake nema ba. Inna ta ce tun ranar farko ba ta ƙara ganinka ba. So nake in ji daga bakinka."

Nan ne Allah ya buɗe masa ƙofa. Da ya ce gaskiya ne, na yi sakaci, ku yafe mini, da wuya mutanen nan su kai maganar ko'ina. Da an yi ɓacin rai, da dattawa sun shiga, da ya ji kunya ta ɗan lokaci. Amma ya ɗaga kai ya ga idanu a kansa, ga limami, ga mai unguwa, ga mutanen da suke miƙewa idan ya shigo. Sai ya ji ba zai iya ba.

Ya ce, da muryar da kowa zai ji, "Kullum ina duba shi. Tun ranar Litinin na ce wa mai ɗakinsa a kai shi Kano, ta ce a dakata. To, ba na so in tayar da maganar ne."

Gwadabe ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya kyauta.

Ku dubi abin da ya yi. Sakacinsa ya ɗauke daga kansa, ya ɗora wa matar da ke cikin takaba, wadda ba ta da ikon fitowa ƙofar gida ta kare kanta. Kafin a yi addu'ar bakwai magana ta zaga Ruwan Bago. Dangin miji suka ce Kande ce ta hana a kai ɗan uwansu birni don kada a sayar da awakinta. Masu shiga gaisuwa suka ragu. Wasu in sun shiga sai su gaida kowa su tsallake ta. Ita dai abu ɗaya take maimaitawa, cewa ba ta ga likita ba balle ya gaya mata. Amma wa zai ɗauki maganar tsohuwar ƙauye ya bar ta likita?

Shi kuwa da ya dawo daga gaisuwar, ofishinsa ya shiga ya rufo ƙofa. Ya buɗe bayanin Sulle. Ya goge abin da ya rubuta ranar Laraba. Ya koma gurbin Litinin ya ƙara layi: na ba da shawarar a kai shi babban asibiti, matarsa ta ƙi. Ya karanta daga sama har ƙasa, ya ga komai ya daidaita da abin da ya faɗa a kan tabarma. Ya yi ajiyar zuciya. A zatonsa na'ura kamar allo take, in an wanke an wanke.

Yusha'u ya zo ya nemi bayanin jinyar mahaifinsa, aka buga masa a takarda aka ba shi. Ya karanta ya ga an ambaci mahaifiyarsa a ciki da laifin da aka jingina mata. Ya san uwarsa. Ya san matar da ta sayar da ɗankunnenta ta biya masa kuɗin jarrabawa ba za ta fifita akuya a kan mijinta ba. Sai ya kai takardar wurin wata lauya a Kano, Barista Zakiyya. Ya gaya mata ba diyya ce ta kawo shi ba, so yake a wanke mahaifiyarsa.

Lauyar ta gaya masa cewa takardar da ke hannunsa fuska ce kawai. Ta shigar da ƙara, ta roƙi kotu ta sa a kawo cikakken abin da na'urar ta adana, kotu ta amince.

A nan zan ɗan tsaya in yi bayani, don wasunmu ba su sani ba, kamar yadda shi ma bai sani ba. Irin wannan na'ura rubutu biyu take yi. Akwai wanda ma'aikaci yake gani, yana iya gyarawa. Akwai kuma wanda take yi wa kanta a ɓoye, wanda ba a asibitin ma yake zaune ba, yana can wurin kamfanin da ya haɗa ta. A cikinsa take ajiye wanda ya shiga, da lokacin da ya shiga, da wayar ko kwamfutar da ya shiga da ita, da abin da ya tarar, da abin da ya mayar da shi. Wanda ya goge layi bai kawar da shi ba. Ya dai ƙara sabon layi ne da ke cewa wane ya goge kaza a lokaci kaza.

Wannan aka kawo gaban alƙali.

Barista Zakiyya ba ta ɗaga murya ba. Ta sa aka karanta abin da aka goge, da lokacin da aka fara rubuta shi. Sannan ta dubi likita ta ce, "Likita, ranar Laraba bayan la'asar ka rubuta cewa Malam Sulle yana cin abinci. Ka gaya wa kotu, me ya ci?"

Daga can ƙarshen ɗakin kotun aka ji Gwadabe yana cewa a hankali, kamar mai magana da kansa, "Mu dai da hannunmu muka rufe shi kafin azahar."

Sai aka nuna layin da aka ɗora wa Kande. An sa masa kwanan Litinin, amma na'ura ta ce ranar Alhamis aka buga shi, bayan an yi kwana da binne mai shi. Likita ya ce wataƙila wani ne ya yi amfani da lambarsa, yana nufin nas. Aka nuna cewa rubutun Laraba daga wayarsa ya fito, na Alhamis kuma daga kwamfutar ofishinsa. Aka karanta abin da Munawwara ta shigar a kwanakin, ƙafa tana baƙi, zazzaɓi yana hawa, an kira likita, a daidai ranakun da shi yake cewa jiki da sauƙi. Aka kuma ga ba Sulle kaɗai ba ne. Majinyata da yawa, kalma ɗaya, zafin jiki ɗaya, kullum.

Lauyan da ya ɗauka ya gaya masa gaskiya a waje. Ya ce da rashin zuwa ne kawai, da an nemi sulhu, domin likita ɗaya a asibiti guda yana da uzurin da za a saurara. Amma wanda aka kama ya sauya bayani bayan mutuwa, babu sauran maganarsa da alƙali zai gaskata, har wadda take gaskiya.

Haka kuwa aka yi. Kotu ta same shi da sakaci, ta ɗora masa diyya shi da asibitin. Mai asibiti ya sallame shi. Hukumar da ke ba likitoci izinin aiki ta kira shi, ta karɓe izinin. Gonar da ya bar majinyata dominta, ita aka fara sayarwa, sannan mota. Waɗanda suka taɓa rasa wani a hannunsa suka fara tambayar kansu, har waɗanda ya yi wa iya ƙoƙarinsa tsakani da Allah. Shekarun da ya yi yana aikin kirki, ƙarya ɗaya ta sa aka daina yarda da su. Ya zama in ya shiga kasuwar Rogo ana amsa sallamarsa, amma ba mai matsa masa wuri.

Bayan komai ya lafa, zuciyarsa ta dame shi, ya tafi Ruwan Bago neman gafara. Ya zaɓi lokacin da maza suke gona. Ya tsaya a zaure, aka yi masa iso, Kande ta zo ta tsaya a bayan labule. Ya gaishe ta, ta amsa. Ya ce ya zo ne ta yafe masa.

Sai ta ce, "Ɗana, maganar Malam na bar wa Allah tun ranar da aka fita da shi. Tawa kuwa, ba a zaure ka faɗe ta ba. A ƙofar gida ka faɗa, gaban maza. Kotu tana Kano, mutanen garin nan ba su je ba. Ka dawo ranar Juma'a in an sauko, ka tsaya inda ka zauna, ka faɗa musu da bakinka. In ka yi haka na yafe."

Ya ce to. Juma'a ta zo, Gwadabe ya sa aka shimfiɗa tabarmi, mutane suka zauna har inuwa ta juya. Bai zo ba. An ce ya hau babur ya kamo hanya, ya kai har bakin gari, ya tsaya, ya juya. Ba a jima ba ya kwashe iyalinsa ya bar yankin.

To, 'yan uwa, me ya halaka mutumin nan? Ba kwamfuta ba ce. Ita abin da aka ba ta ta riƙe, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Ba gona ba ce. Abin da ya fara kai shi ƙasa shi ne ya ce ya gani alhali bai gani ba, kuma wannan shaidar zur ce ko da babu alƙali a wurin. Abin da ya ƙarasa shi kuwa, ya ga mai rauni wadda ba ta iya kare kanta, ya jingina mata laifinsa. Sau biyu aka ba shi damar ya ji kunyar sa'a guda ya tsira, sau biyu ya ƙi.

Ku da kuke aikin asibiti, maza da mata, mun san kuna da ƙaranci, mun san gajiyarku. Ku rubuta abin da kuka gani. In gaya muku aka yi, ku ce an gaya muku. In ba ku samu zuwa ba, ku bar gurbin haka, ko ku nemi wanda zai je. In kun yi kuskure, kada ku goge, ku rubuta gyaran a ƙasa da kwanan ranar da kuka gyara. Haka malamin makaranta da ke cika sakamakon ɗalibi, haka duk wanda ake amincewa da sa hannunsa. Idan na'urar da ɗan Adam ya ƙera tana riƙe abin da aka goge, ina ga mala'ikun da aka wakilta a kanmu, waɗanda ba sa barci, ba sa mantuwa?

Mu ma da muke zaune a kan tabarmi muna da namu kason. Mutanen da suka tsallake Kande wajen gaisuwa ba su tambaye ta ba, ba su bincika ba. Sun ji daga bakin mai girma, suka ɗauka. Kowannensu yana da haƙƙinta a wuyansa, kuma kotu ba ta kira ko ɗaya daga cikinsu ba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya a kan kanmu tun tana da amfani. Ya tsare harsunanmu da yatsunmu daga shaidar abin da ba mu gani ba, kada ya bar mu mu mutu da haƙƙin mai rauni a kanmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.